Cinnaka a Ludayi

Juma'a, 8 ga Agusta, da hantsi

Idona na dama ya buɗe yau, shi ya sa na iya riƙe biro. Na hagu har yanzu a rufe yake. Na ɗauki madubin Inno na duba na ajiye, na sake ɗauka na sake dubawa. Wallahi ban san matar da ke ciki ba. Fuska ta kumbura har kunnuwa sun shige ciki, goshi yana tsattsafo da ruwa, fatar kaina kamar an barbaɗa barkono. Amma gashin baƙi wuluk. Ya yi kyau ƙwarai, ko sili ɗaya na furfura babu.

Jiya 'yata Sumaiya ta cika arba'in. Jiya ya kamata mijina, Malam Zakiyyu, ya aiko da mota a mayar da ni ɗakina a Kankia, bayan kwana arba'in ina wankan jego a nan Mawashi wajen mahaifiyata, Inno. Kayana a ɗaure suke tun ran Litinin. Ga su can jikin bango.

Ran Talata Karima ta zo daga Kusada ta yi min kitson komawa gida. Ƙawata ce tun muna sakandare, bakinta ba linzami. Tana fara tsefe kan ta tsaya, ta ce, "Ke Hafiza, wannan kan mai jego ne ko na kakar mai jego?" Na yi dariya, ita ma ta yi. Shekarata ashirin da shida. Furfurar shekara biyu ke nan da ta fito min, na san watan da ta fara, ba kuma zan rubuta shi ba.

Sai ta ciro ɗan kwali daga jaka, dayis na rina gashi, da hoton wata mata a jiki. Gaskiya ɗaya ce, Karima ta faɗa min. Ta ce takardar ciki ta ce a ɗan shafa a bayan kunne a jira kwana biyu a ga ko jiki zai karɓa. Na ƙirga da yatsa, Talata, Laraba, Alhamis, na ga ranar tafiya ce. Na ce mata ba a fafe gora ranar tafiya, ta shafa kawai. Ban faɗa mata cewa dayis ɗin da aka zana min a hannu lokacin aurena ya yi min ƙaiƙayi har sati biyu ba. Na tuna sarai, na yi shiru.

Garin gyaran gira ke nan.

Inno ta ɗauke Sumaiya jiya. Zan rubuta yadda aka yi, amma ba yanzu ba.

Juma'a, bayan la'asar

Ga yadda aka yi.

Jiya da safe Inno ta shigo ta ga fuskata, ta daɗe tana kallo. Ta fita, ta dawo da ludayi. Ta ce, "Ke, tatso mani nan." Inno ba ta taɓa kiran sunana ba tun da na yi wayo, ni ce ta fari, kunya ba ta bari. "Ke" ne sunana a bakinta.

Na ce, "Inno, me za a yi?"

Ta ce, "Abin da ya hito maki a huska ya sauka a nono. Tatso."

Na tatsa. Ta je gindin bango inda ruwan sama ya fito da cinnaku, ta kamo ɗaya da tsinke, ta jefa cikin ludayin. Da ido rabi nake kallo. Ya yi ta juyawa yana neman gefe, yana zamewa, yana juyawa. Sai ya daina.

Inno ta ce, "Kin gani. Ya ɓaci. Wagga ɗiya ba ta ƙara sha sai kin warke."

Na buɗe baki zan yi magana, ta riga ni. A hankali ta faɗa, ba ta ma kalle ni ba. Ta ce, "Wancan karon ba a gwada ba."

Ni da hannuna na miƙa mata yarinyar.

Asabar, 9 ga Agusta, da safe

Ƙirjina ya cika ya yi tauri kamar dutsen guga, ko zani ba na son ya taɓa. Inno ta ce in tatse a bayan ɗaki in rufe da ƙasa kada kaji su sha. Na yi. Na tsuguna ina zubar da shi a ƙasa, ta bango ina jin kukan Sumaiya.

Damina ce, shanu sun ƙoshi, madara ta yi yawa a gidan nan. Inno tana tatso ta da ɗuminta, ta sirka da ruwan rijiya don ta ce ta yi wa jariri kauri, ta riƙa ba ta da cokali. Ta ce da ita aka yi renon rabin mutanen rugar nan. Baffa, mahaifina, da na yi masa magana ya ce zancen mata ne, ya ɗauki sandarsa.

Asabar, bayan azahar

Malam ya zo a kan babur. Ya durƙusa daga ƙofar ɗakin Inno ya gaishe ta kansa a ƙasa, sannan aka ce ya shigo wajena. Na ja mayafi na rufe fuska. Ya ce, "Buɗe in gani." Na buɗe. Ya yi salati, ya zauna a bakin gado.

Da na faɗa masa dalili ya ce, "Hafiza, wa ya ce maki furfurar ta dame ni?"

Ba wanda ya ce. Ni dai na so in koma gidansa da kan da na fara shigarsa da shi, kamar ba abin da ya taɓa faruwa a cikinsa. Wannan ban faɗa masa ba.

Ya tambayi yarinya, na ba shi labarin ludayi. Malam shekara goma yana koyarwa a Islamiyya, gidansu gidan littattafai ne tun kakanni. Ya ce, "Ni dai ban taɓa cin karo da wannan a ko'ina ba." Na ce to ya je ya faɗa wa Inno. Ya kalli ƙofa, ya kalle ni. Mutumin da ko ruwa ba ya iya sha a gaban surukarsa. Abin da ya iya samowa shi ne izinin kai ni asibiti ran Litinin.

Ya ɗauki Sumaiya kafin ya tafi. Ya ce ta yi sauƙin ɗauka. Inno ta ce idonsa ne.

Lahadi, 10 ga Agusta, da magariba

Sumaiya ta yi kuka yau har muryarta ta dushe.

Litinin, 11 ga Agusta, bayan la'asar

Mun je Kankia mun dawo. Inno ta hana a tafi da Sumaiya, wai hadari ya haɗo. Na zauna a bayan babur da niƙabin aro, mun wuce ta bakin layinmu, na hango ƙofar gidana a rufe. Ban ce a tsaya ba.

A asibiti wata Sista ce ta duba ni, babbar mace mai tabarau a ƙarshen hanci. Tana ɗaga niƙabin ta ce, "Dayis." Ko tambaya ba ta yi ba. Ta ce duk bayan salla da lokacin biki sai sun ga irina. Ta tambaya ko ya taɓa yi min ƙaiƙayi a da. Na ce eh. Malam ya juyo ya kalle ni, ni kuma na kalli ƙasa. Ta ce wanda ya taɓa yi wa haka sau ɗaya, na biyun ya fi muni, kuma ni da dayis mun rabu har abada, ko a kai ko a hannu. Ta rubuta ƙwayoyi da man shafawa.

Sai ta ga gaban rigata ya jiƙe. Ta ce, "Ina jaririn?"

Na faɗa mata. Ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur.

Ta ce, "Kwana nawa?" Na ce yau biyar. Ta ce, "Yarinya, saurare ni. Wannan kumburin faɗa ne tsakanin fatarki da dayis. A fata ya tsaya, bai shiga nono ba. Mata nawa ke rina kai suna shayarwa? Abin da ake kiyayewa kada jariri ya shaƙi warin lokacin da ake shafawa, kada ya taɓa jikinsa, a wanke hannu. Kin ba da ita an riƙe lokacin?" Na ce eh, tana ɗakin Inno. Ta ce, "To shi ke nan. Maganin nan ma da na rubuta ba ya hana shayarwa. Abin da zai cutar da ita shi ne abin da ake ba ta yanzu. Cikin ɗan kwana arba'in bai iya madarar saniya ba, balle da ruwan rijiya. Ki koma yau ɗin nan ki ba ta nono."

Duk hanya ina maimaitawa a raina don kada in manta ko kalma ɗaya. Na zo na zayyana wa Inno, Malam yana tsugune daga waje yana cewa haka ne, haka aka ce. Inno tana ta burga nono a ƙwarya ba ta ɗago ba. Da na gama ta ce, "Ita Sistar ta ga cinnakan?"

Na ce a'a.

Ta ce, "Ni na gani. Ke ma kin gani."

Talata, 12 ga Agusta, da azahar

Zan rubuta wannan don ba mai karantawa.

Inno ta fita kai wa maƙwabta fura, ta bar Sumaiya tana barci a ɗakinta. Na shiga. Na ɗauke ta, na zauna, na kwance zani. Ta ji ƙamshina ta farka, ta fara juya kai tana buɗe baki tana nema. Har leɓenta ya taɓa ni.

Sai na janye.

Ba Inno a ɗakin, ba kowa. Ni ce na janye. Na ga cinnakan nan yana juyawa, na ji "wancan karon ba a gwada ba," a kunnena. Wancan karon ni kaɗai na shayar da ɗana na fari, wata huɗu cur, ba a ba shi komai ba sai ni. Likita ya ce zazzaɓi ne ya ɗauke shi. Na yarda da likita da baki. Amma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu.

Na kwantar da ita tana ihu, na koma ɗakina na toshe kunne. Ni da na yi sakandare. Ni da na ji bayanin Sista da kunnena.

Laraba, 13 ga Agusta, da safe

Kumburi ya sauka, ido biyu a buɗe, fatar goshi tana saɓulewa. Karima ta bugo waya tana kuka tana ba ni haƙuri. Na ce mata ba ita ba ce.

Sumaiya ta fara gudawa. Na ga tsummoki huɗu a kan igiya.

Laraba, da magariba

Bakwai.

Inno ta ce ragowar mugun nonon ne ke fita, alheri ne.

Alhamis, 14 ga Agusta, da hantsi

Na je bayan ɗaki in tatse, abin da ya fito bai cika cokali biyu ba. Ƙirjina ya saki, ba ciwo, ba nauyi. Da farko na ji daɗi da ciwon ya tafi, sai daga baya na fahimci abin da tafiyarsa take nufi.

Sumaiya ta daina kuka. Tun safe ban ji muryarta ba. Na fi son kukan.

Malam ya bugo sau uku, na ce masa da sauƙi. Ban san dalilin da ya sa na ce haka ba.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan la'asar, a asibiti



Da safe na fito tsakar gida na tarar da Inno a kan tabarma da Sumaiya a cinya, ga ƙaramar ƙwaryar madara a gefe. Na zauna kusa. Maɗigar yarinyar ta faɗa ciki, idonta ya zurma, leɓe a bushe. Ina kallon ƙwaryar ne kawai don ba na iya kallon fuskar.

Akwai cinnaka a cikin madarar. Ya faɗa da kansa daga tabarma. Yana juyawa yana neman gefe, yana zamewa, yana juyawa. Sai ya daina.

Inno ta sa ɗan yatsa ta tsame shi ta yarfar, ta cika cokali. Haka take yi kullum. Haka nake yi ni ma. Tun ina yarinya nake tsame matattun cinnaku daga ƙwaryar nono, daga randa, daga kofin shayi, ban taɓa tsayawa na yi tunani ba.

Na riƙe hannunta. Ban taɓa riƙe hannun Inno haka ba.

Na ce, "Inno, ita ma wannan madarar ta ɓaci?"

Ta ce, "Mi?"

Na ce, "Ya mutu a ciki."

Ta kalli ƙwaryar, ta kalli inda ta yarfar da shi. Na tashi na ɗebo ruwan randa a ludayin nan, na kamo wani da tsinke na jefa, na ajiye a gabanta. Muka zuba masa ido mu biyu. Bai daɗe ba.

Na ce, "Nutsewa suke yi, Inno."

Cokalin ya faɗi daga hannunta. Na zaci za ta yi faɗa, ta ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ba ta ce ba. Fuskarta ta koma wata iri, ban taɓa ganinta haka ba, kamar wadda aka aiko wa da saƙon mutuwa. Na ɗauke Sumaiya daga cinyarta, ba ta hana ba.

Na sa ta a nono a nan tsakar gida. Ta kama, ta ja sau biyu, ta saki. Ba ta da ƙarfin ja, ni kuma ba abin da zai fito.

Ban tuna yadda na sami ɗan acaɓa ba. Na tuna dai ba takalmi a ƙafata har Kusada, a can Malam ya tare mu da mota.

Asabar, 16 ga Agusta, da safe

A kai suka sami jijiya. Sun aske wa Sumaiya gefe ɗaya suka sa ƙarin ruwa.

Asabar, bayan azahar

Sista mai tabarau ta zo aiki ta gan ni. Na jira ta ce ba na faɗa miki ba. Ba ta ce ba. Ta duba maɗigar, ta duba takarda, ta ce, "Da kin ƙara kwana ɗaya." Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba.

Na ce mata nonon ya ƙafe. Ta ce, "Bai ƙafe ba, fushi ya yi. Kwana takwas ba a nema ba. Nono kamar rijiya yake, sai ana ja yake kawowa."

Litinin, 18 ga Agusta, da hantsi

An cire ƙarin ruwa. Gudawa ta ragu. Sumaiya ta buɗe ido ta kalli fanka.

Ga aikina yanzu. Duk bayan awa biyu in sa ta a ƙirji, fata da fata, ko akwai ko babu. Malam ko wata nas su riƙa ɗiga madarar jarirai da asibiti suka haɗa da cokali daga sama tana gangarowa kan nonon, don ta ji tana samun wani abu ta ci gaba da ja. Wayo muke yi wa 'yar kwana hamsin. Malam ya fi zubarwa a zanina fiye da abin da ke shiga bakinta, matan ɗakin suna ta yi masa dariya, wai malamin Islamiyya ya koma ungozoma. Ya ce su yi ta yi.

Na faɗa masa zancen ran Talata, da na ɗauke ta na janye. Sai ya ce, "Ni ma na ji bayanin Sista, na hau babur na tafi na bar ku. Kunya ta fi min 'yata." Ban taɓa ganin hawayensa ba sai wancan karon da yau.

Laraba, 20 ga Agusta, da la'asar

Babu.

Na matsa har fata ta yi ja. Ɗigo biyu.

Alhamis, 21 ga Agusta, da azahar

Inno ta zo. Inno da ba ta shiga mota sai dole, ta zo ita kaɗai da kwanon sha a ɗaure cikin ɗankwali. Kunun kanwa ne, har da ɗuminsa. Ta ajiye a gefen gado ta ce, "Ke, sha." Ba ta taɓa Sumaiya ba, ta dai tsaya tana kallon inda aka aske mata kai.

Inno ta rame. Kwana shida kawai, amma zaninta ya yi mata yawa. Ta shimfiɗa ɗankwali a ƙasa ta zauna jikin bango, ta ce nan za ta kwana. Na yi niyyar in yi fushi da ita, na shirya maganganu tun ran Juma'a, na neme su na rasa.

Asabar, 23 ga Agusta, da hantsi

Ta haɗiya.

Ba cokali, ba kowa a kusa sai Inno can jikin bango, Malam ya tafi makaranta. Na sa ta kamar kullum, tana ja, sai na ji wani tsiii a ƙirjina kamar ana zare zare, ɗaya gefen ya fara ɗiga a zani. Sai na ji maƙogwaronta. Ƙut. Ƙut. Ƙut. Na ƙi motsi, ko numfashi da kyar nake yi kada ta saki.

Na ce, "Inno." Ta taso ta sunkuyo ta kasa kunne. Ta ji. Ta koma jikin bango ta ja mayafi ta rufe kanta gaba ɗaya, ta daɗe a haka.

Litinin, 25 ga Agusta, bayan la'asar, a ɗakina

An sallame mu da safe. Ga ni a Kankia, kwana goma sha takwas bayan ranar da aka sa. Ba rakiya, ba guɗa, ba kitso. Kayana ma suna Mawashi a jikin bango.

Inno ta rako mu, ta ƙi zama a kujera, ta zauna a ƙasa bakin ƙofa. Malam ya fita ya ba mu wuri. Ina shayar da Sumaiya, ita tana kallon tsakar gida. Ba tare da ta juyo ba ta ce, "Ba ke ce ta fari ba."

Na zaci ban ji daidai ba.

Ta ce, "Akwai wani kahin ke. Namiji. Yana da wata guda na yi zazzaɓi, jikina ya yi ƙuraje. Uwar Baffanku ta kawo ludayi." Ta ci gaba da cewa, "Cinnakan ya mutu. Aka ɗauke shi aka ba shi madara. Kwana tara ya yi."

Shekara ashirin da shida ina duniya ban taɓa ji ba. Ba wanda ya taɓa faɗa, ko da suɓutar baki. Ta ce da aka haife ni sai ta ɗora min kunyar da ba ta samu ta yi masa ba.

Ta ce, "Cewa aka yi an makara, ya riga ya sha mugun nonon. Shekara talatin ina cewa nonona ne. Da naki ya tahi, na ce ga shi nan, gado ne, ni na ba ki. Shi ya sa wannan karon ban tsaya ba." Sai ta juyo ta kalle ni, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Ke da kika yi boko. Da an bar mani shi, da ya rayu?"

Na ce, "Inno, rai na Allah ne."

Ta ce, "Na sani. Ba shi na tambaye ki ba."

Na gyara wa Sumaiya kwanciya a cinyata. Inno ba ta sake tambaya ba. Ba abin da ake ji a ɗakin sai haɗiyar Sumaiya.

Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara mayafi. Ta ce, "Bube sunanshi." A hankali ta faɗa, kamar mai taka ƙasar da ba ta sani ba. Sannan ta ce, "Sai an kwana biyu, Hafiza."

Talata, 26 ga Agusta, bayan sallar asuba

Na duba madubi. Fuskata ta dawo, sai tabo a goshi. A gindin gashin, wajen tsaga, fari ya fara fitowa. Karima ta ce akwai lalle ja zalla wanda ba dayis a ciki, in ina so. Na ce ta bar shi.

Furfurar ta fara ne a watan Yuli, shekara biyu da suka wuce, sati uku bayan an dawo daga maƙabarta. Zazzaɓi ne, likita ya faɗa, yau na yarda har cikina. Wata huɗu da kwana shida ɗana ya yi, kuma duk kwanakin nan a ƙoshe yake.

Harisu sunansa.

Sumaiya ta farka, bari in je.